Matokara da Shinge: Layuka Biyu na Masu Cinikin Hannun Jari na Yini Ɗaya

Kasuwar hannun jari ta New York tana buɗewa da ƙarfe 9:30 na safe, ta tashi ƙarfe 4:00 na yamma. A tsakanin nan akwai 'yan kasuwar da ke saye su sayar kafin a tashi, ba sa kwana da hannun jari ko ɗaya. Idonsu na kan layuka biyu a jadawalin farashi.

Na ƙasa shi ne matokara, wato farashin da in an sauko kansa masu saye kan yi ca, faɗuwar ta tsaya. Na sama shi ne shinge, inda masu sayarwa ke fito da kaya har tashin ya ci tura. Wanda ya san kasuwar Dawanau ya san haka: buhu na karyewa zuwa wani farashi, masu ajiya za su kwashe. Ana gano layukan ne daga ƙololuwar farashin jiya, da mafi ƙanƙantarsa, da inda aka rufe. Misali, in hannun jari yana kai-komo tsakanin dala 50 da 52, sai mutum ya saya dab da 50, ya sayar dab da 52, ya kuma bar umarnin a sayar masa nan take in farashi ya zarce ƙasa, don taƙaita asara.

Layukan suna da tushe. Masaniyar tattalin arziki Carol Osler ta nuna a 2003 cewa a kasuwar canji umarnin cin riba yana taruwa a kan cikakkun lambobi, na tsayar da asara kuwa a bayansu kaɗan. Shi ya sa farashi kan juya a layi, in kuma ya fasa shi sai ya zabura da gudu. Sau da yawa yakan leƙa ƙasan matokara, ya share ƙananan 'yan kasuwa, sannan ya dawo.

Sanin layi daban, cin riba daban, domin ciniki yakan zo da kuɗin dillali da haraji. A Indiya, hukumar kula da kasuwar hannun jari, SEBI, ta bayyana a 2024 cewa bakwai cikin goma na masu cinikin yini ɗaya sun yi asara a shekarar kuɗi ta 2022 zuwa 2023. A Brazil, cikin waɗanda suka jure fiye da kwana 300, kashi 97 cikin ɗari sun faɗi. A Taiwan, bayanan 1992 zuwa 2006 sun nuna masu cin riba a kai a kai ba su kai ɗaya cikin ɗari ba.

Don haka, matashin da aka nuna wa waɗannan layuka a waya ya yi hattara. Kada ka sa kuɗin bashi ko jarin sana'arka, kada kuma ka shiga ciniki sai ka yanke iyakar asarar da za ka iya ɗauka.