Gubar da Ke Goye a Bayan Ɗan Feshi

Shirinmu na yau ya leƙa ƙaramar hukumar Buji a jihar Jigawa, gonakin da ke kewaye da Gantsa, inda da zarar damina ta kankama ba ka rasa ganin samari a bakin hanya goye da tankin feshi.

Mu tsaya mu dubi ɗaya daga cikinsu. Singileti ce a jikinsa da silifas, ya naɗe wando zuwa gwiwa. Ya auna magani da murfin kwalba, ya zuba a tanki, ya motsa da kara, hannunsa sharkaf. Murfin tankin ya saki, duk takun da ya yi sai ruwan ya tsiyayo masa a gadon baya ya gauraya da gumi. Idan bakin famfon ya toshe, sai ya kwance shi ya sa a baki ya busa. Rana ta take, ya zauna gindin darbejiya ya ci abinci da hannun nan. A kan tanki ake biyansa, saboda haka sauri yake yi.

Da yawa muna ɗauka sai an sha maganin feshi yake illa. A gona kuwa, ta fata ya fi shiga jiki, musamman fatar da ta jiƙe da gumi, kuma lokacin haɗawa ya fi kowane lokaci haɗari, domin a sannan maganin bai ga ruwa ba, yana da ƙarfinsa. Magungunan ƙwari irin su Sniper jijiyoyi suke kamawa. Mutum ya fara da ciwon kai da jiri, yawu ya riƙa dalala, gumi ya karyo, ga amai, ga gudawa, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya yi nauyi. Sau nawa aka ce zazzaɓi ne ko rana ce ta buge shi, aka ba shi maganin ciwon kai aka ce ya kwanta? Maganin ciyawa na farakwat ya fi wannan muni: huhu yake cinyewa a hankali, kuma har yau ba shi da makari. Shi ya sa hukumar NAFDAC ta haramta shi daga farkon shekarar 2024, kamar yadda ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni a 2019.

Gubar ba ta tsayawa a gona. Rigar feshi ta dawo gida, uwargida ta haɗa ta da kayan yara a baho ɗaya. Jarkar magani ta ƙare, aka ɗauraye aka mayar da ita ta man gyaɗa ko ta ruwan sha. Wake kuma a barbaɗa masa magani don gudun ƙwari, abin da ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da sayen waken Najeriya a 2015, alhali buhun PICS mai leda biyu a ciki yana adana wake ba tare da ɗigon magani ba.

To, mene ne kariyar? Safar hannu ta roba mai kauri, doguwa, da takalmin ruwa, da riga mai dogon hannu da wando har ƙasa, da tabarau, da abin rufe hanci da baki na masu feshi. Safar hannu ta yadi tsotse maganin take yi ta riƙe shi a fata, haka ma ƙyalle idan ya jiƙe a hanci. Na san abin da ɗan feshi zai ce: zafi. Gaskiyarsa ne, zafin Jigawa ba wasa ba ne. Shi ya sa ake sammako a yi feshi kafin rana ta ɗaga, ko a bari sai la'asar sakaliya, kuma a tsaya ta inda iska za ta kaɗa maganin nesa da jiki. A duba zanen launi a ƙasan kwalba: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Wanda bai gane rubutun ba ya tambayi malamin gona na hukumar aikin gona ta jiha, JARDA.

Alhaji mai gona, da kai nake yanzu. Yaron nan da ka ɗauka aiki, kuɗin tankin da kake ba shi ba zai isa ya sayi takalmin ruwa ba. Kai da ka iya sayen katan na magani, kana iya sayen safar hannu da takalmi ka ajiye tare da tankin, ka gyara murfin da ke yoyo, ka kai sabulu da jarkar ruwa gona. Amana ce a hannunka, ɗan wani ne.

Idan kuma tsautsayi ya faɗa, a janye mutum daga wurin, a tuɓe masa kayan da suka jiƙe, a wanke jikinsa da sabulu da ruwa mai yawa. Idan ido ne, a yi ta kwarara ruwa kamar minti 15. Kada a ɗura masa madara ko manja, kada a sa shi amai da ƙarfi. A garzaya da shi asibiti mafi kusa. Idan abin ya yi tsanani akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu da asibitin Rasheed Shekoni a Dutse. A tafi da kwalbar maganin, domin sunan da ke jikinta likita zai duba ya san allurar da zai yi.