Ku Daina Kwantar da Mai Ciwon Daji

Akwai wata ɗabi'a a gidajenmu na Kpakungu da ta ishe ni. Da zarar likita ya ce ciwon daji ne, shi ke nan an yanke wa mutum hukuncin kwanciya. A shimfiɗa masa katifa a ƙuryar ɗaki, a saki labule, 'yan dubiya su yi ta shigowa da lemo da ayaba, kowa bakinsa "sannu, kada ka motsa". Ya miƙa hannu zai ɗauki buta, a yi wuf a riga shi.

Mata abin ya fi ci. Wata baiwar Allah a layinmu an cire mata nono ɗaya, ta dawo gida, sai uwar mijinta da ƙannenta suka hana ta ko ɗaura kallabi da kanta. Hannun gefen da aka yi aikin kullum yana naɗe a ƙirji, sai ka ce mai karaya. Kafin a farga kafaɗar ta sandare, ko taje kai ba ta iyawa. Alhali tun a asibiti aka nuna mata abin yi: idan wurin ya fara warkewa ta fuskanci bango, ta riƙa jan yatsunta sama a hankali, kullum ta ɗara inda ta tsaya jiya. Har takarda mai zane aka ba ta, 'yan gida suka cusa ta ƙarƙashin katifa. Su a ganinsu tausayi ne. Wane irin tausayi ne zai bar mace da hannu ɗaya bayan Allah ya tsallakar da ita daga wuƙar likita?

Gajiyar ruwan kemo da ta gashi ba raki ba ce, duk wanda ya sha hanyar Asibitin Ƙasa na Abuja ko na Shika ya san ta. Sai dai barci ba ya kawar da ita. Tsoka in ta daɗe a kwance zubewa take, ga kuma haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, wanda dama yana bibiyar masu wannan ciwo. A 2025 an fitar da sakamakon wani bincike a kan mutum 889, galibinsu a Kanada da Ostireliya, da suka gama jinyar dajin hanji. Waɗanda aka ɗora a kan tsarin motsa jiki, kashi 90 cikin ɗari suna raye bayan shekara 8, sauran kuwa kashi 83. Akasarinsu tafiya ce kawai suke yi da ɗan sauri.

Ba wanda ya ce a je shataletalen Kpakungu ana kokawa da tireloli da 'yan acaba na hanyar Bida. Tsakar gida ta isa a fara: minti biyar bayan asuba, biyar bayan la'asar, tun da zafin Minna ba abin wasa ba ne. A riƙa ƙarawa har a kusanci minti 150 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba manya shawara. In mace ce, ku bar ta ta tsince shinkafa, ta share ɗakinta, in namiji ne ku bar shi ya taka zuwa masallacin layi, wani yaro na gefensa.

Ranar da akwai zazzaɓi, ko jiri, ko numfashi yana sarƙewa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, a dakata a nufi asibiti. Wanda ciwon ya taɓa masa ƙashi, ko aka ce jininsa ya yi ƙasa, kada ya fara komai sai likitansa ya gaya masa iyakarsa.