Damina da Bakin Rijiya a Dangoma

A Dangoma, cikin ƙaramar hukumar Kalgo ta masarautar Gwandu, Agusta watan aiki ne. Maza na gona, makiyaya na kare shanu daga shuka, mata na kai da kawowa tsakanin rijiya da madafa. Idan ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi, ragowar sai ya malala, ya kwashe duk abin da aka bari a bayan gari. Rijiyar da ba ta da murfi ko dakali ita ke karɓa. Daga nan sai guga, sai tulu, sai randa, sai moɗa ɗaya da kowa ke tsomawa.

Ta nan amai da gudawa ke shiga ƙauyukanmu. A 2021 an ƙiyasta kwalara ta kama sama da mutum 111,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,600, kuma jiharmu ta Kebbi na cikin jihohin da ta taɓa.

A Bangladash kwalara 'yar gida ce. Ƙwayar cutar na zaune a ruwan gishiri-gishiri inda kogin Ganga ke haɗuwa da teku, tana tasowa sau biyu a shekara. A wajenmu baƙuwa ce, kuma ƙafar mutum ke kawo ta. Annobar da ake ciki ta faro a Indunisiya a 1961, ta iso Gini a 1970, kuma binciken da aka wallafa a 2017 ya nuna an shigo da ita Afirka daga Asiya aƙalla sau 11. Haka ta faɗa wa Haiti a 2010, ta bi kogin Artibonit daga sansanin sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya.

Baƙon da ke bin mutane kuwa ana iya tare masa hanya. Abin da ke damuna shi ne hanyar tasa ta bi ta wuraren zumunci: furar ranar kasuwa, kwanon wanke hannu guda a wurin suna, wankan gawa da zaman makoki. Ba wanda zai ce a bar waɗannan. Sabulu ake buƙata a wurin, da ruwan da aka tafasa ko aka sa wa kilorin.

Cutar na iya kashe ƙato cikin awanni. Kafin a samo babur zuwa asibiti, a dama ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta ruwa mai tsabta, a yi ta ba mara lafiya yana kurɓa har a isa.