Wata da rana: lissafi uku cikin gida guda

A tambayi mutum uku: yaushe shekara ke farawa? Kowa da amsar da zai bayar.

Malam zai ce Muharram, watan cika-ciki. Shi da wata yake lissafi. Daga nan sai watan Mauludi, sai azumi, ƙaramar salla, sannan layya. Ba ya cewa wata ya kama sai an gan shi a sama. Shi ya sa daren salla kowa ke kasa kunne ga rediyo.

Ma'aikacin gwamnati zai ce Janairu. Ko yana salla, ko bai damu da ita ba, kalandar bango ce ke tafiyar da aikinsa. Ƙarshen wata albashi. Oktoba yara su koma lakol. Ranar 3 ga Agusta a dasa itatuwa, ita ce ranar da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960. Ranar 18 ga Disamba kuma a tuna kafa jamhuriya a 1958. Waɗannan ranaku ba su motsi, inda suke bara nan suke bana.

Manomi kuwa sama yake dubawa. Bazara, damina, kaka, ɗari, rani. Shi watanninsa daga kaka yake ƙirga su, in watan bakwai ya tsaya ya fiddo iri ya jira ruwan shuka.

To, ga inda zancen yake. Shekarar wata kwana 354 ce ko 355. Shekarar rana 365. Tsakaninsu wajen kwana 11. Ke nan kowace shekara azumi da salla suna matsowa gaba da kwana 11. Sai an yi kamar shekara 33 su kewayo inda suka taso.

Mu duba da kyau. A 1997 an ɗauki azumi cikin Janairu, ana ɗari, ƙishirwa ba ta dami kowa ba. A 2013 ya faɗo cikin Yuli, daidai lokacin noma. Wanda ya riƙe hauya da baki a bushe tun safe har azahar bai manta wannan shekara ba. A 2024 kuma cikin Maris da Afrilu aka yi shi, ana tsakar zafin bazara. A 2030 ma sau biyu za a ɗauki azumi, farkon shekara da ƙarshenta.

Layya ma haka take. In ta zo bayan kaka, rumbu cike, sayen rago da sauƙi. Amma daga 2023 zuwa 2025 cikin Yuni ta yi ta zuwa. Lokacin hatsi ya ja baya, ga kuɗin iri, ga rago, ga ɗinkin yara. Mai albashi ma bai tsira ba. Salla ba ta san ƙarshen wata ba, tana iya zuwa ran 17, aljihu ya riga ya bushe.

Sau da yawa ma mutum ukun nan mutum guda ne. Da asuba yana masallaci, da hantsi yana gona, ɗansa kuma yana lakol.

Yanzu da muka iya karatu, lissafin ba wuya. Rubuta ranar sallar bana a littafinka, ka cire kwana 11. Ka san ta baɗi ke nan, ko da kuskuren kwana ɗaya ko biyu. In ka ga za ta riga kaka zuwa, tun yanzu a ɗaure ɗan rago a gida, a fara ba shi dussa da harawa.