3.2 Haɗa Na'urar Daidaita Zafi da Tsarin Sarrafa Kayan Gida

A sashen da ya gabata an bayyana cewa na'urar daidaita zafi ita ce wadda ke auna zafin ɗaki, sannan ta kunna ko ta kashe injin ɗumama gida ko na sanyaya shi. A wannan sashe kuwa, za a duba yadda ake haɗa ta zamani, wato mai aiki da intanet, da tsarin da ke sarrafa sauran kayan gida, kamar fitilu da makullai da labule. Haɗin nan iri biyu ne, na waya da na iska.

3.2.1 Haɗin Waya

Da farko ana haɗa na'urar da injin da za ta sarrafa. A Amurka akan yi amfani da siraran wayoyi masu ƙarfin bolt 24, kowace da harafinta. Wayar R ce ke kawo wuta, W ta ɗumamawa ce, Y ta sanyayawa, G kuma ta fanka. Tsohuwar na'ura makunni ce kawai, ta zamani kuwa tana da allo da Wi-Fi, don haka tana buƙatar wuta dare da rana. Wannan ne aikin waya ta biyar, wato C. Tsofaffin gidaje da dama ba su da ita, sai dai a ja sabuwa ko a sa adafta.

3.2.2 Haɗin Iska

Bayan an gama da wayoyi, sai a haɗa na'urar da cibiya, wato ƙaramar kwamfutar da ke ba kayan gidan umarni. A nan wajibi ne su biyun su ji yaren juna. Fitattun yarukan su ne Wi-Fi da Zigbee da Z-Wave. Na biyun ƙarshe ba sa cin wuta sosai, kuma na'urorin da ke jone da lantarki kan miƙa wa junansu saƙo har ya isa cibiya. Saboda yawan yarukan ne kamfanonin Apple da Google da Amazon da Samsung da wasunsu suka haɗu a kan yare guda mai suna Matter, wanda aka fitar a watan Oktoba na 2022.

Idan haɗin ya yi, sai maigida ya gindaya ƙa'idoji. Alal misali, idan aka bar taga a buɗe a kashe injin, ko kuma idan wayar hannu ta nuna kowa ya fita a rage ɗumamawa.

3.2.3 Matsalar Dogaro da Kamfani

Abin lura a nan shi ne hanyar da umarni ke bi. A wasu na'urorin, umarnin kan fita daga gida ta intanet zuwa kwamfutocin kamfani, sannan ya dawo. A wasu kuwa, daga cibiya yake zuwa kai tsaye. Na'urar Nest misali ce ta nau'in farko. An fitar da ita a 2011, kamfanin Google ya sayi kamfanin da ke ƙera ta a 2014 a kan dala biliyan 3.2. A 2019 Google ya sanar da rufe shirin da ke ba wasu kamfanoni damar haɗa kayansu da Nest, lamarin da ya tilasta wa masu gidaje sake tsari. Haka kuma, daga 25 ga Oktoba, 2025, ya janye tallafi daga samfurin 2011 da na 2012. Na'urorin ba su lalace ba, ana iya murɗa su da hannu a bango, amma ba sa karɓar umarni daga manhajar wayar hannu.

3.2.4 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa kafin a sayi na'ura ya kamata a duba abubuwa uku: wayoyin da ke bangon gidan, da yaren da cibiya ke ji, da kuma ko na'urar za ta karɓi umarni ba tare da intanet ba. Na ukun nan ya fi muhimmanci, domin shi ke nuna wanda ke da iko da na'urar, maigida ko kamfani. A sashe na gaba za a duba batun tsaron bayanan da waɗannan na'urori ke tattarawa.