3.2 Jaridar San Francisco Oracle da Darajarta a Wurin Masu Tara Tsofaffin Jaridu

A wannan sashe za a duba ɗaya daga cikin jaridun da ake kira na ƙarƙashin ƙasa, waɗanda matasan Amurka masu bijire wa al'adar iyayensu suka yi ta bugawa a shekarun 1960. Sunan yana iya ruɗin mai karatu, domin ba a ɓoye ake sayar da su ba. A bakin titi ake tallarsu. Abin da ake nufi shi ne, ba sa bin tsarin manyan jaridu, kuma suna faɗin abin da waɗancan ke tsoron faɗi game da yaƙin Biyetnam da kuma ƙwayar LSD mai sa gane-gane.

Jaridar Oracle ta fara fitowa a watan Satumba na 1966 a unguwar Haight-Ashbury ta birnin San Francisco, Allen Cohen ne editanta. Fitowa 12 kacal ta yi, ta tsaya a watan Fabrairu na 1968. Da kwafi wajen 3,000 ta fara, amma kafin ta mutu akwai fitowar da ta haura kwafi 100,000. Fitowa ta 5 ce ta yi shelar gangamin Human Be-In na ranar 14 ga Janairu, 1967.

To, me ya sa jaridar da aka saya da 'yan kwabbai ta zama abin nema? Babban dalili yana ga yadda aka buga ta. Masu aikin sukan raba mazubin tawadar injin gida-gida, su zuba launi daban a kowane gida. Idan injin ya fara juyawa sai launukan su riƙa shiga juna a kan takarda, shafi ya fito tamkar bakan gizo. Da yake cuɗanyar tana sauyawa yayin da ake bugun, kwafi biyu na fitowa ɗaya sukan bambanta. Haka kuma an sake buga wasu fitowar fiye da sau ɗaya da wasu launuka. Saboda haka mai tarawa ba lambar fitowa kaɗai yake dubawa ba, har da wane bugu ne. A ganin mai wannan nazari, a wasu shafukan adon ya yi yawa har rubutun ba ya karantuwa.

Dalili na biyu shi ne takardar. Mai araha ce, tana jan ja ta kakkarye idan ta daɗe, ga shi masu sayenta ba su ɗauke ta abin adanawa ba. Samun kwafi lafiyayye sai an sha wuya. A 1991 kamfanin Regent Press ya tattara fitowa 12 ɗin ya sake buga su a littafi guda, wanda ya sauƙaƙa wa manazarta aiki.