Bengu: Hanyoyin gishiri da giginya da ke jiran masu keken hawan tudu

Duk wanda ya bar garin Gaya ya nufi arewa maso gabas zuwa Bengu zai lura da yadda ƙasa ke sauya kama cikin ɗan lokaci. A sama akwai fako da jar marmara mai tsakuwa. Sai a gangara, ƙafa ta fara nutsewa cikin rairayi. A ƙasa kuma fadama ce shimfiɗe, da rake da rogo da shinkafa, ga itatuwan giginya sun yi sahu har iyakar gani. Tsakanin waɗannan wurare uku akwai siraran hanyoyi da sawun mutane da jakai da amalanken shanu suka fitar, suna haɗa ƙauye da gona, gona da kasuwa.

Irin waɗannan hanyoyi ne masu wasan keken hawan tudu, wanda masu jin Faransanci ke kira VTT, suke biyan kuɗin jirgi don su je su hau a wasu ƙasashe. A Bengu kuwa hanyar neman abinci ce kawai, kuma keken da ke binta yawanci yana ɗauke da buhu ko jarka ko damin itace.

Bengu ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Gaya, jihar Dosso, dab da iyakar Najeriya ta ɓangaren Kamba a jihar Kebbi. Yankin na cikin ƙasar Dendi, inda Hausawa da Kyangawa da Dendawa da Fulani suka daɗe suna cuɗanya. Babu manyan duwatsu irin na Ayar ko na Jos a nan, kuma wanda ya zo neman su zai koma da takaici. Abin da ke akwai shi ne gaɓar tsofaffin kwaruruka biyu, Dallol Mawri da Dallol Foga, waɗanda ruwa ya haƙa tun zamanin da Sahara ke da danshi. Hawan gajere ne amma yana da tsini, gangaren kuma cike yake da tsakuwa mai zamewa da zaizayar da ruwan damina ke sabuntawa kowace shekara. Gaya na samun ruwan sama kusan milimita 800 a shekara, tana cikin wuraren da suka fi ko'ina damina a Nijar, shi ya sa hanyar bara ba lallai ta zama hanyar bana ba.

Hanyoyin ma suna da tarihi. A kwarin Foga ake dafa gishiri tun kaka da kakanni: a kankare ƙasa mai gishiri, a tace ta da ruwa, a dafa ruwan har ya ƙafe. Baturen Jamus Heinrich Barth ya ratsa kwarin a 1853 a kan hanyarsa daga Gwandu zuwa Sayi, ya kuma rubuta abin da ya gani na wannan sana'a. Fatake sun yi ta kwasar gishirin Foga zuwa Kabi da Borgu da sauran kasuwanni. Giginyar kuwa ita ce dukiyar yankin ta biyu: daga ita ake samun azara ta rufin ɗaki, da murucin da ake dafawa ana sayarwa a tasha. A 2004 aka sanya Dallol Mawri cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. Mai keke da ya yi tafiyar rabin yini a nan zai wuce ta duk waɗannan, abin da matafiyin da ke cikin bas kan kwaltar Dosso zuwa Gaya ba zai taɓa hangowa ba.

Wani zai ce wasan na masu kuɗi ne, kuma idan aka dubi farashin kekunan gasa na yau, yana da hujja. Sai dai ba haka abin ya fara ba. A shekarun 1970 wasu matasa a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka suka riƙa tono tsofaffin kekunan Schwinn masu nauyi da faɗin taya, suna gangarowa da su daga tudu. Tseren da suka fara a 1976 sun sa masa suna Repack ne saboda birkin kan yi zafi har man gris ɗinsa ya ƙone, sai an sake cusa wani bayan kowace gangara. Daga cikinsu aka samu Gary Fisher da Joe Breeze da Tom Ritchey, waɗanda suka koma ƙera kekunan. Kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper kasuwa a 1981, aka yi gasar duniya ta farko a Durango a 1990, wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996. Kekunan da aka fara da su ba su fi tsohon Raleigh ko Phoenix da ke jingine a zaure a ƙauyukan Dendi wani abin kirki ba.

Misalin da ya fi dacewa da Bengu yana Ruwanda. A 2011 hukumomin ƙasar suka buɗe hanyar da ake kira Congo Nile Trail, mai tsawon kimanin kilomita 227, daga Rubavu zuwa Rusizi a gefen tafkin Kivu. Ba wata sabuwar hanya aka gina ba. Hanyoyin manoman gahawa da shayi da masunta ne aka haɗa, aka kafa alamu, aka tanadi wuraren kwana, aka horar da 'yan jagora daga cikin matasan ƙauyukan. Mai keke kan yi kwana biyar a kanta, mai tafiya a ƙasa kwana goma, kuma a kowane zango sai ya ci, ya sha, ya kwana, ya biya. Ƙasar da ta fito daga kisan kiyashin 1994 ita ce ta tura Adrien Niyonshuti gasar keken hawan tudu a Olamfik ta Landan a 2012, shi ne ma ya riƙe tutarta. A watan Satumban 2025 birnin Kigali ya karɓi gasar tseren keke ta duniya ta kan kwalta, karon farko a Afirka.

To amma Ruwanda ta sayar da hanyarta ne ga baƙi daga waje, kuma a nan ne lissafin Bengu ya bambanta. Tun harin Kure na 9 ga Agustan 2020, inda aka kashe Faransawa shida ma'aikatan agaji da 'yan Nijar biyu, yawon buɗe ido na Turawa a wannan sashe ya durƙushe. Gandun dajin W da ke yamma da Gaya ya zama maɓoyar masu ɗauke da makamai. A ƙetaren iyaka, rundunar sojin Najeriya ta sanar da ɓullar Lakurawa a jihohin Sakkwato da Kebbi a watan Nuwamban 2024. Gadar Gaya zuwa Malanbil, wadda ta kasance babbar ƙofar kayan da ke fitowa daga tashar jiragen ruwan Kwatano, an rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kuma ko da ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Nijar ta bar nata ɓangaren a rufe, jama'a suka koma tsallaka kogin Kwara a kwale-kwale. Duk wanda zai yi wa matasan Bengu alkawarin baƙi masu dala da yuro a irin wannan hali, yaudararsu yake yi.

Abin da ya rage shi ne na gida, kuma ba ƙarami ba ne. Cire tallafin man fetur a Najeriya a ranar 29 ga Mayun 2023 ya tsauwala kuɗin man ruwa-ruwa da 'yan kabu-kabun kan iyaka suka dogara da shi, ga kuma ƙarancin man da Nijar ta sha a watan Maris na 2025. Kowane ƙarin kuɗin mai yana mayar da wani ɗalibi ko wani ɗan kasuwar ƙauye kan keke. Kuma keken hawan tudu, mai kaurin taya da giya da birki mai kamawa, shi ne ya dace da rairayi da marmara, ba siririn keken tsere na kwalta ba. Ɗan Bengu da ke Yamai ko Legas ko Faransa, wanda ke tunanin abin da zai aika wa ƙaninsa, zai iya auna wannan da kuɗin babur da man da zai riƙa sha kullum.

Akwai kuma matasan birni. Daga Dosso zuwa Gaya kimanin kilomita 150 ne, daga Yamai kusan 300. Ƙungiyar abokai goma da za su zo ƙarshen mako, su ɗauki ɗan gari ya yi musu jagora, su ci abinci a kasuwa, su sayi gishiri da muruci, ba sa bukatar biza ko otal. Abin da suke bukata shi ne su fara gaida mai gari, su sanar da hukumar ƙaramar hukuma da jami'an tsaro, su ji wace hanya ce ke da lafiya a wannan makon, su kuma yarda idan aka ce kada a je. Hanyoyin suna ratsa gonakin mutane da burtalin dabbobi, wasu kuma suna ƙarewa a cikin Najeriya ba tare da wata alama ba. Baƙon da ya kutsa cikin gero da gudu, ko ya ɗora waya kan mata masu dafa gishiri bai nemi izini ba, zai rufe ƙofa ga waɗanda za su zo bayansa.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan an kawar da amfanin gona, fadama ta fara tsanewa, sanyin hunturu ya sauka. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, a watan Agusta kuma laka kan riƙe taya har sai an ɗauki keken a kafaɗa. Babban abokin gaba dai ƙaya ce, ta aduwa da ta tsidau, waɗanda ke huda tub sau biyu ko uku a tafiya ɗaya. Masu faci suna nan a kasuwannin ƙauye kuma sun iya aikinsu, sai dai kayan gyaran giya da birkin zamani ba kasafai suke ajiye su ba, don haka mai irin wannan keke ya taho da famfo, da tub biyu, da sarƙar sauyi, da ruwan sha aƙalla lita uku.